Tagar da Ke Bayan Kakanninmu a Tsohon Hoto

Duk gidan da ke da tsohon albam, akwai yadda ake kallonsa. Da fuskoki ake farawa: wannan wance ce kafin ta yi aure, wannan wane ne shekarar da ya shiga sakandare, wannan kuma Allah ya ji ƙansa. Ba a daɗewa a nan, suna ne kawai ake kira, a yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya addu'a, a juya shafi. Inda hira ke tsayawa ta yi tsawo, sau da yawa ba a kan mutum ba ne. Sai ka ga wata dattijuwa ta kai yatsa can gefen hoton ta ce, "Ai wannan tagar ɗakin Inna ce, a gidanmu na da." Daga nan an bar hoton ke nan. Za a shiga labarin kafintan da ya kafa tagar, da shekarar da ruwa ya yi gyara har katangar baya ta zube, da maƙwabciyar da ake miƙa wa garwashi da asuba, da yaron da ya taɓa sa kansa tsakanin ƙarafuna ya kasa fitarwa.

Na daɗe ina lura da wannan, kuma ina ganin ba haka kawai yake faruwa ba. Duk abin da ke cikin hoton iyali na da, an shirya shi. Ɗaukar hoto a shekarun 1970 da 1980 hidima ce: sai da Sallah, ko biki, ko suna, ko dawowar alhazai. Fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ci, wanki kuma kuɗi ne, saboda haka ba a wasa da shi. A yi wanka, a sa kayan da suka fi kowanne, a rambaɗa kwalli, wani ma agogon da ke hannunsa na aro ne. Mai hoto ya jera mutane, manya a kujera, yara a ƙasa, ya ce a ɗaga kai, kada a ƙifta ido. Fuskar da ta fito a takarda fuskar ranar hoto ce, ba wadda ake tashi da ita kullum ba. Amma babu wanda ya yi wa taga kwalliya. Yadda ta kwana haka ta shiga hoton, da tsatsarta, da gilashin da ya fashe aka toshe da kwali, da kwalbar man shafawa da aka manta a bakinta. Shi ya sa ta fi kowa a hoton faɗin gaskiyar yadda ake zaune a gidan, kuma shi ya sa take sosa zuciyar wanda ya tashi a cikinsa.

A ƙasar Hausa abin ya ƙara nauyi, domin tun asali mu ba mutanen babbar taga ba ne. Ginin gargajiya na tubali da azara, irin wanda har yau ake gani a cikin birnin Kano da Zariya da Katsina da unguwar Birni ta Damagaram, ciki yake kallo, ba waje ba. Iska da haske daga tsakar gida suke zuwa, ta ƙofar ɗaki. Tagar da magini zai bari 'yar ƙarama ce, can sama kusa da rufi, wata ma ba ta wuce a zura hannu ba. Yana da dalilansa. Katangar ƙasa mai kauri tana riƙe sanyin dare ta tare zafin rana, babbar kafa kuwa ɓata wannan aikin take yi, ta kuma rage wa ginin ƙarfi. Ga ƙurar hunturu, ga feshin damina. Sama da duka akwai sutura. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa saboda ido aka wajabta neman izini kafin shiga gidan wani, malaman Malikiyya kuma sun yi bayani mai faɗi a kan tagar da ke leƙa gidan maƙwabci, har suka ce in ana hango iyalinsa ta cikinta, sai a toshe ta. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Gidan da aka tsara a kan wannan ba zai buɗe wa titi fuska ba.

Saboda haka in ka ga iyalin Hausawa a tsohon hoto tsaye gaban babbar taga, wani abu ya faru da wannan iyalin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta hanyarsa kwanon rufi da siminti da gilashi suka riƙa shigowa da yawa. Turawa sun gina wa kansu gidaje a Nasarawa masu baranda da manyan tagogi, aka yi bariki, aka yi kwatas na ma'aikatan jirgi da na malaman makaranta da na asibiti, aka yi gidajen haya a Sabon Gari da Tudun Wada. A nan ne Bahaushe ya fara kwana a ɗakin da zai iya zama kan gado ya hango waje. Tagar da ke hoton tana cewa maigida ya sami aikin gwamnati an tura shi wani gari, ko kasuwa ta buɗe masa ya rushe ɗakin ƙasa ya yi na bulo, ko kuwa gidan gado ya yi wa mutane kaɗan, ya ɗebi matarsa da 'ya'yansa suka kama haya. Ba kowace ƙaura ce ta daɗi ba. Wata taga alamar ɗaukaka ce, wata kuma alamar rabuwa da dangi.

Mai ido zai iya ƙiyasta shekarun hoto daga tagarsa, ko da ba a rubuta komai a baya ba. Akwai ta katako mai murfi biyu da sakata. Akwai ta langa-langa da ake shafa wa koren fenti ko shuɗi, wadda ake tokarewa da ɗan ƙarfe, in iska ta taso ta riƙa bugawa har ta hana barci. Daga baya ta alminiyam mai zamiya ta zo ta mamaye gari. A tsakaninsu akwai wadda ta fi kowacce zama a ran 'yan shekara arba'in zuwa sittin na yau, wato luba, wadda ta cika gidajen ma'aikata a zamanin ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, ta kuma bi gidajen da gwamnatin Shagari ta gina tsakanin 1979 da 1983.

Wanda ya tashi da luba ba ya buƙatar a yi masa bayaninta. Sillayen gilashi ne jere bisa juna, da ɗan hannun ƙarfe a gefe da ake dannawa su buɗe gaba ɗaya. Hannun yakan cije, sai an ɗiga masa man keken ɗinki. Da hunturu ƙura takan kwanta a kan kowane sille, yara su rubuta sunansu da yatsa, ranar Asabar kuma a ba su tsumma su goge ɗaya bayan ɗaya, ana yi musu kashedi kada gefen ya yanke su. Ba ta rufuwa ruf, shi ya sa ake cusa tsohuwar jarida a tsakani in sanyi ya tsananta. Sille ɗaya in ya fashe, da wuya a sake shi. Kwali ko falanki ne zai zauna a gurbinsa shekara da shekaru. A hoto, wannan gurbin shi ne abin da ɗan gida ke fara gani. Baƙo zai ga taga mai gyara, shi kuwa ya san ƙwallon da ta fasa, ya san wanda ya buga, ya san wanda aka daka a madadinsa.

Ƙarafunan da aka gitta ma suna da nasu labarin. A hotunan da suka fi tsufa sau da yawa ba ka ganinsu, ko ka ga 'yan sanduna sirara. Sannu a hankali suka yi kauri, aka ƙara raga, aka ɗaga katanga har tagar ta daina hango komai sai bulo. Jera hotunan gida ɗaya na shekara talatin, ka dubi tagogin kawai, za ka ga yadda tsoro ya riƙa shiga zaman birni.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba: me ya sa taga ke yawan shiga hoton cikin gida tun farko? Amsar ita ce haske. Fim ɗin da ake sayarwa a kanti ba ya gani a duhu, fitilar kyamara kuma ba kowa ke da ita ba, ga batir da tsada. Dole mai hoto ya ja mutane zuwa inda haske yake. Wannan lalura ta girmi duk wani albam namu. Hoton kyamara mafi tsufa da ya rage a duniya, wanda Bafaranshen nan Nicéphore Niépce ya ɗauka a 1826 ko 1827, ta tagar benen gidansa ya ɗauke shi. Ya shafa wa farantin ƙarfe wani nau'in kwalta, ya bar shi yana shan haske aƙalla sa'a takwas, har rana ta haska gine-ginen ta gabas da ta yamma a hoto ɗaya. Farantin yana nan ajiye a Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka. A watan Agusta na 1835 kuma wani Bature ɗan Ingila, Henry Fox Talbot, ya ɗauki tagar gidansa na Lacock daga ciki, wannan ɗan hoton shi ne nagatif, wato asalin da ake wanko hoto daga gare shi, mafi tsufa da ake da shi, har ya rubuta a gefensa cewa da madubin ƙara girma ana iya ƙirga 'yan gilasan tagar kusan 200. Ke nan tun ranar da aka fara wannan sana'a, taga na ciki.

Amma akwai abin da kyamarar wancan zamani ba ta iyawa, kuma a ganina a nan asirin kewar yake. Hasken rana a fili ya ninka na cikin ɗaki sau ɗaruruwa. Idon mutum yana daidaita kansa nan take, ya ga fuskar wanda ke ɗaki, ya kuma ga bishiyar da ke waje. Fim ba ya iya haɗa biyun. In mai hoto ya auna hasken fuskoki, sai tagar ta ƙone ta zama fari fat. In ya auna na waje, sai mutanen su zama baƙaƙen inuwoyi. Kowa fuska ya biya kuɗi a ɗauka, saboda haka waje ake sadaukarwa. Shi ya sa a mafi yawan hotunanmu na cikin ɗaki, tagar tana nan da firam ɗinta da labulenta, amma abin da take kallo babu shi.

Wannan farin gurbi mai kallo ne ke cike shi. Fuska an riga an ba ka ita, ba ka da abin ƙarawa. Taga kuwa tambaya take yi maka: me ke bayan nan? Sai ka tsinci kanka kana amsawa. Akwai darbejiya, akwai igiyar shanya, akwai lungun da mai ƙosai ke zama, daga nan ake jin kiran sallar asuba na masallacin unguwa, daga nan ake jin ƙarar babur ɗin Baba tun kafin ya shawo kwana, kowa ya nutsu. Da ka fara wannan lissafi ka riga ka koma cikin ɗakin, kana tsaye inda kake tsayawa, da tsawon da kake da shi a lokacin. Masu tuna tagar gidansu sukan tuna har da cewa sai sun yi ɗage ko sun taka bokiti kafin su leƙa. Jiki ne ke tunawa, ba ido kaɗai ba.

Sai dai abin da mutum ya cike da kansa, ba lallai ne ya zama daidai ba. Na sha jin 'yan uwa ciki ɗaya suna gardama a kan hoto guda: wannan ya ce tagar rijiya take kallo, waccan ta ce a'a, garejin maƙwabta ne, kuma kowa ya rantse yana gani a ransa. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada irin wannan. A wani bincike da Kimberley Wade da Maryanne Garry da abokan aikinsu suka wallafa a 2002, sun karɓi hotunan ƙuruciyar mutum 20 daga danginsu, suka haɗa na bogi wanda ke nuna mutumin yana yaro cikin balan-balan mai tashi da mutane sama, alhali dangin sun tabbatar bai taɓa hawa ba. Bayan an zauna da su sau uku, rabinsu suka fara ba da labarin tafiyar, wasu har da abin da suka hango a ƙasa. In hoton ƙarya zai iya dasa wa mutum abin da bai faru ba, ina ga na gaskiya mai gurbi a buɗe? Ban ɗauki wannan a matsayin dalilin raina tunanin kowa ba. Abin da yake nuna mini shi ne, labarin gida ba na mutum ɗaya ba ne. Sai an zauna tare, wannan ya kawo, waccan ta gyara, kafin a kusanci yadda abin yake.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma mutanen Turai ma sun daɗe suna yi wa kewa kallon ciwo. A 1688 wani ɗalibin likitanci a Basel, Johannes Hofer, ya rubuta ta a matsayin cuta mai kama 'yan ƙasar Suwizalan da ke nesa da gida, har ta kwantar da su. Amma binciken da Constantine Sedikides da Tim Wildschut suka daɗe suna yi a Jami'ar Southampton ya nuna wani gefen: kaɗaici da ɓacin rai ne kan tayar da kewa, haka ne, amma ita kewar takan sa mutum ya ji yana da mutane, ya ji rayuwarsa a haɗe take daga farko zuwa yau. Ni ma haka nake gani a gidajenmu. Wanda ya tsura wa tsohuwar taga ido ba lallai ne bana ta yi masa ɗaci ba. Sau da yawa yana neman ya tabbatar ne cewa yaron da ke hoton da shi mai furfurar nan mutum ɗaya ne, kuma akwai wurin da aka san shi tun kafin ya zama wani abu.

Akwai inda nake so mu yi hattara, musamman mu da muka kasance yara a waɗannan hotuna. Tagar da muke kewa, wata ce ta wuni a bayanta. Ga matar da ke cikin kulle a gidan haya, nesa da tsakar gidan da ta saba da shi mai cike da facaloli da surukai da 'yan uwa, wannan taga ita ce kasuwarta, ita ce hanyar jin labarin gari. Ta nan take kiran mai ruwa, ta nan take miƙa wa almajiri kwano, ta nan take sa ido kan 'yar tallarta har ta ɓace a lungu, ta nan take leƙa ko yara sun taso daga makarantar allo. Wasu matan ta taga suka sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa da alawa har suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. In ka nuna wa irin wannan uwar hoton kana cewa, "Hajiya, kin tuna daɗin gidan nan?" kada ka yi mamaki in ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai dai ka ji daɗinsa." Ita ta tuna hayaƙin icce, da layin famfo, da daren da ɗa ya yi zazzaɓi maigida yana wurin aiki a wani gari, da shekarar da aka yi mata kishiya aka raba ɗakin biyu. Kewar yaro gaskiya ce, amma rabin labari ce. Sauran rabin yana bakin wadda ta share ɗakin, kuma ita ce aka fi mantawa a tambaya.

Ba duk tagar da ke tsohon hoto ce ta gaske ba. Da yawa daga cikinmu hotunan iyayenmu a situdiyo aka ɗauke su, gaban zanen bango mai ɗauke da falo, da labule, da taga mai hango dogayen benaye ko bakin teku. Abin ya game Afirka ta Yamma. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da babur domin mai son hoto ya ara ya fito da su. Philip Kwame Apagya na Gana ya yi suna da zanen bango mai nuna falo cike da firji da talabijin, ko matakalar jirgin sama. Irin wannan taga ba ta gaya maka inda iyayenka suka zauna, tana gaya maka inda suka so su zauna. Tana da nata taɓa zuciya, musamman in ka san ɗakin da suka koma bayan sun fito daga situdiyon. Amma ba ta ja mutum cikin dogon labari kamar ta gida, domin babu wanda ya taɓa leƙawa ta cikinta. A wasu gidajen kuma ko wannan babu. Dattawa da yawa sun ƙi hoto saboda fahimtarsu ta addini, abin da ya rage na kaka shi ne ɗan fasfo na tafiya Hajji, fuska da farin bango. Jikokinsu sun san kamanninsa, ba su san ɗakinsa ba.

Abin da ya sa maganar ta fi damuna yanzu shi ne yadda gidajen kansu ke ɓacewa. Hanya mafi yawa ita ce rabon gado: maigida ya rasu, magada sun yi yawa, gida ba ya rabuwa, sai a sayar a raba kuɗi. Mai saye ya rushe, ko ya fasa tagar da ke kallon titi ya mayar da ita ƙofar shago. Wani gidan aikin faɗaɗa hanya ne ya cinye shi. Akwai kuma waɗanda ba su bar gida da son ransu ba. Bayan rikicin Kaduna na shekarar 2000, iyalai da yawa, Musulmi da Kirista, sun tsallaka kogi sun bar unguwannin da aka haife su, wasu har yau ba su sake taka layin ba. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya tashi garuruwa a Borno da Yobe da Adamawa da yankin Diffa, 'yan bindiga kuma sun watsa ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Mai gudun ceton rai ba albam yake nema ba. A watan Satumba na 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri, bayan rayuka da dukiya, ya jiƙa akwatunan da mutane suka adana takardu da hotuna na shekaru. Ga iyalin da hoto ɗaya ya tsira a hannunsu, wannan kusurwar taga da ta leƙo a bayan amarya ita ce kaɗai abin da za a nuna wa jika a ce masa nan ne gidanmu.

Za a ce ai yanzu an huta, kowa da waya, hoto ba adadi. Gaskiya ne wayar yau ta magance matsalar haske: tana ɗaukar hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta haɗe su, fuska ta fito, abin da ke bayan taga ma ya fito. Amma mu da kanmu muke korar gidan daga hoton. Akwai tsarin da ke dusar da duk abin da ke bayan mutum, akwai manhajar da ke cire bangon ɗaki ta sa wani. Biki ya koma zauren taro inda aka lulluɓe bango da yadi da furannin roba, hotunan kafin aure kuma a situdiyo ko lambun otal. Kunyar ɗakinmu muke ji, sai mu matsa inda fenti bai kwaɓe ba, mu yanke gefen da kayan wanki suka fito. Na fahimci dalilin, kowa yana son a gan shi cikin rufin asiri. Amma yaron da aka haifa bana zai iya tashi da hotunansa dubbai, a rasa guda ɗaya da ke nuna ɗakin da ya yi rarrafe a ciki yadda yake. Ina ganin ya dace a riƙa ɗaukar gida haka nan, ranar da ba biki ba suna, ko da ba za a tura wa kowa ba.

Tsofaffin da ke hannu kuma suna buƙatar kulawa, domin suna lalacewa a hankali ba a lura. Hoto mai launi na shekarun 1970 da 1980 rini ne a kan takarda, launukan ba sa koɗewa tare, shi ya sa da yawa suka koma ja-ja ko ruwan ɗorawa, alhali baƙi-da-farin da ya girme su yana nan daram. Rana ce ta fi cin su, saboda haka wanda aka rataye a bangon da ke fuskantar taga shi ke fara mutuwa. Laima na manne su da juna, gara na ci, albam mai gam a shafi kuma yana ƙona bayansu. A cire su daga leda mai gumi, a ajiye a inuwa, wuri busasshe, sama da ƙasa. Masu ɗaukar tsohon hoto da waya domin turawa a zauren WhatsApp na dangi sukan matso da fuska su yanke sauran. A ɗauki takardar duka har gefunanta, sannan in ana so a yi na fuskar daban. Kuma tun masu sani suna raye, a kai musu a zauna, a tambayi Goggo da Kawu daban-daban, a tambayi matan gidan kafin mazan. Abin da suka faɗa a rubuta a bayan hoton da fensir, domin tawadar biro na ratsa takarda: sunan gari da unguwa, gidan wa, ɗakin wa, shekarar da aka shiga da wadda aka fita, da abin da tagar take kallo. In an sami saɓani, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa.